Ba Kowane Littafi Ne Zai Hau Kantar Yaranmu Ba

Idan kuɗin da unguwa ta tara don ɗakin karatun yara ba zai sayi abin da ya wuce littafi 100 ba, ni a ganina 70 daga ciki su zama masu bayanin abubuwan da ke nan a zahiri: kogi, sauro, taurari, injin tarakta, tarihin garin da yaron yake kwana a ciki. Ragowar 30 a bar wa ƙagaggun labarai da waƙoƙi. Kuma kada littafi ko ɗaya ya hau kanta sai wani babba ya karanta shi daga bango zuwa bango, ya yarda a rubuta cewa shi ya ce a ba yara. Wannan ne matsayina a kwamitin unguwarmu a nan Gadarif, a gabashin Sudan, inda muke ƙoƙarin mayar da wani ɗaki da ke jikin masallaci maktabar yara, kuma ba kowa ya yarda da ni ba. Ina so in baje hujjojina a fili, musamman saboda 'yan'uwanmu na Jidda da Makka da Kano da suke ta tambaya me za su aiko.

A fara duba yaran da za su shiga ɗakin. Da yaƙi ya ɓarke ran 15 ga Afrilun 2023, karatu ya tsaya cik a yawancin ƙasar nan. A watan Oktoba na shekarar hukumar UNICEF ta ce yara kusan miliyan 19 ba sa zuwa makaranta. Da birnin Madani ya faɗa hannun mayaƙan RSF a Disamba, sannan garin Sinja a tsakiyar 2024, jama'a suka kwararo gabas, azuzuwa suka koma ɗakunan kwanan 'yan gudun hijira, aka rataya tufafi a jikin allo. Yaron da ya kamata a ce ya gama haɗa baƙi yana ɗan shekara bakwai, ga shi ya kai goma yana lalube. Amma kada a ɗauka kansa fanko ne. Yana bambanta ƙarar jirgin yaƙi da ta jirgi marar matuƙi. Ya san farashin burodi na jiya da na yau. Ya ga an ɗauki maƙwabci a kan amalanken jaki zuwa wurin masu kwalara, ba a dawo da shi ba. Ya ga abubuwa da yawa, ba wanda ya zauna ya yi masa bayanin ko ɗaya, kuma abin da yake ji a madadin bayani shi ne saƙonnin murya da ke yawo a wayar iyayensa, inda kullum wani yake da sabon magani da sabon makirci.

Labari dai yaran nan ba su rasa ba. Kakanninsu mata har yau suna yin Gizo da Ƙoƙi bayan isha'i, kuma a zaman gudun hijira, da babu wuta babu talabijin, tatsuniya ta ƙara samun kasuwa. Karatun addini ma yana da gidansa, halwa, wato makarantar allo, ba ta rufe ba ko a lokacin da makarantun gwamnati suka rufe. Abin da ba shi da gida a rayuwarsu shi ne amsar “me ya sa”. Me ya sa ruwan Gadarif sai an jawo shi daga garin Shuwak da ke bakin kogin Atbara? Me ya sa ƙasar gonakinmu take tsagewa da rani har ƙafar jaki ta shige? Me ya sa ake gaggawar yanke riɗi tun bai bushe ba? Uban yaron ya san amsar ta ƙarshen, kwanson riɗi yana fashewa ya zubar da ƙwayar in aka bar shi a tsaye, amma ya dawo a gajiye, tambaya kuma ta yi yawa.

Wasu tambayoyin ba na nishaɗi ba ne. Ɗauki tsargiya. Duk wanda ya tashi a kambo, wato sansanin 'yan ƙwadagon gona, a jihar Jazira ya san yaran da suke fitsarin jini bayan sun yi wanka a magudanan ruwan noma, kuma har yanzu akwai gidajen da ake ɗaukar hakan alamar yaro ya fara girma. Gaskiyar lamarin labari ce da ta fi tatsuniya ban mamaki: ƙwan tsutsar yana fita da fitsari, ya ƙyanƙyashe a ruwa, abin da ya fito ya shiga jikin wata 'yar katantanwa ya hayayyafa, ya sake fitowa ya huda fatar wanda ya shiga ruwan, ya je ya zauna a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara. Littafi mai shafi 20 da zane mai kyau zai iya nuna wannan zagaye. Yaron da ya gan shi zai je bakin ruwa ya nemo katantanwar da idonsa, kuma daga ranar ya san dalilin da ya sa ake hana shi fitsari a ruwa, ba wai don an daka masa tsawa ba. Haka ciwon kala'azar da ya addabi ƙauyukan bakin Rahad da Atbara a jiharmu: wani ƙaramin ƙwaro ne da bai kai sauro girma ba yake kawo shi, yana ɓuya a tsagar baƙar ƙasa da wuraren da dushe da aduwa suka yi yawa, zazzaɓin ya daɗe, saifa ta kumbura. Haka kwalarar da aka ayyana ɓarkewarta a Agustan 2024. Yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya da ta karanta cewa lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, da ƙaramin cokali 6 na sukari, da rabin ƙaramin cokali na gishiri suna riƙe mai gudawa kafin a kai shi asibiti, ita ce za ta tuna a daren da uwar ta rikice. A gidajenmu yarinya mai waɗannan shekarun ita ke goyon ƙane, ita ke ɗebo ruwa. Da ita ya kamata littafin ya yi magana.

Sudan ba baƙuwar irin wannan rubutu ba ce, kuma abin yana ba ni haushi idan na ji ana maganarsa kamar wani sabon abu ne da ƙungiyoyin waje za su kawo mana. Cibiyar horar da malamai ta Bahtar-Ruda, da aka kafa a 1934 kusa da Duwaim, ta yi wannan aiki tun kakanninmu suna yara. A 1946 aka fara fitar da mujallar yara ta Assibyan, ɗaya daga cikin na farko a duk ƙasashen Larabawa. Daga Bahtar-Ruda ne kuma littafin nan na labarin ƙasa ya fito, wanda yake bayanin hanyoyin neman abinci a Sudan. Dabararsa mai sauƙi ce. Maimakon a jera wa yaro sunayen larduna ya haddace, sai aka kai shi ziyara gidan abokai tara, kowanne a wani yanki: ɗaya a Golid cikin dabino a arewa, ɗaya a Babanusa cikin shanu, ɗaya a Yambiyo can kudu, ɗaya a Muhammad Ƙol a bakin Bahar Maliya, ɗaya a Atbara garin jirgin ƙasa. Yaro ya ga abin da suke ci, da irin ɗakin da suke kwana, da aikin ubanninsu. Yau ka zauna da tsohon da ya haura saba'in a wurin mai shayi, ka ambaci Golid, zai ɗauko maka waƙar littafin da ka. Littafin sani ne tsantsa, babu aljani babu sarauniya, amma ya zauna a zuciyar al'umma fiye da yawancin ƙagaggun labarai. Duk mai cewa yara ba sa son irin waɗannan littattafai, marasa daɗi ya gani.

Sai dai a cikin abokan nan tara babu ɗan Bahaushe. Yaron garin Mai Wurno ya ziyarci kowa a takarda, ba wanda ya ziyarce shi. Ban faɗi haka don in ci mutuncin waɗanda suka rubuta ba, sun yi aikin zamaninsu kuma sun yi shi da kyau. Na faɗa ne don giɓin yana nan har yau, kuma mun ga abin da yake haifarwa. A rikicin jihar Bulu Nil na Yulin 2022, da aka kashe mutane aka kori dubbai daga gidajensu, maganar da ta fi yawo ita ce mu baƙi ne, jiya muka zo. Yaranmu sun ji wannan a makaranta da kasuwa, da yawansu kuma ba su da abin mayarwa sai fushi. Ya kamata a ce akwai ɗan littafi a kanta da zai gaya musu cewa hanyar hajji ta ƙasa ta ratsa nan ɗaruruwan shekaru, daga Kano da Barno ta Wadai da Darfur zuwa Sawakin, mutane suna tafe suna noma suna yada zango, wasu tafiyar ta ɗauke su shekaru, wasu suka zauna ɗungurungum. Ya gaya musu cewa bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a zuwa gabas har suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa a bakin kogi, kudu da Sinnar. Ya gaya musu cewa da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin Jazira, hannun kakanninsu yana cikin waɗanda suka tsinci audugar da ta riƙe tattalin arzikin ƙasar shekara da shekaru. Wanda ya san wannan da shekarunsa da wurarensa ba ya buƙatar ɗaga murya.

Amma a nan ma akwai tarko. Da na kawo wannan magana sai wani matashi ya miƙo mini wasu 'yan takardu da aka buga, cike da kirari: mu ne muka fi kowa, mu muka kawo kaza, mu muka koya wa wane kaza, babu shekara, babu inda aka samo. Na ƙi su. Littafin tarihin da ya ce wa yaro ƙabilarsa ba ta taɓa kuskure ba, ƙagaggen labari ne da ya sa rigar malamai, kuma ranar da yaron ya kai shi gaban ɗan wata ƙabila da ya fi shi karatu, kunya zai sha. In za mu ba shi tarihinmu, mu ba shi na Funj da daular Sinnar a gefensa, da na Beja, da na Nuba, da dalar Bajarawiya da sarki Taharƙa. Ƙasar tasa ce gaba ɗaya, ya san ta gaba ɗaya.

Yanzu maganar kwalaye. Da zarar an ji za a buɗe maktaba sai alheri ya fara isowa, kuma Allah ya saka wa masu aikowa. Amma a buɗe kwalin a gani: littafin lissafin kuɗi na jami'a, tsofaffin littattafan manhajar wata ƙasa da yaran gidan suka gama da su, jagorar wata kwamfuta da aka daina ƙerawa, mujallun kamfani masu sheƙi. Mai aikowa ya share ɗakinsa ne ya haɗa da neman lada. Idan na ce a ajiye su gefe, amsar da nake samu ita ce, da babu gwamma ba daɗi. A wajen abinci haka ne. A wajen kantar yara ban yarda ba. Yaro yana shiga irin wannan ɗaki sau ɗaya ne don ya gwada. Idan ya zaro na farko bai gane ba, ya zaro na biyu ya ga teburan lambobi, ya gama yanke hukunci cewa wurin ba nasa ba ne, kuma dawo da shi sai an sha wuya. Littafi 40 da kowanne zai kama shi sun fi 400 da zai yi ta tono a cikinsu. Ba wanda yake sayen buhun dawa a kasuwar amfanin gona ta Gadarif bai soka ya ga ƙwayar ba, ban ga dalilin da za mu karɓi abin da zai shiga kan yaro da ido rufe ba.

Dubawar ba ta buƙatar digiri. In littafin yana da taswira, a duba Sudan: idan har yanzu Juba tana ciki, an buga shi kafin Yulin 2011, sai a yi hattara da sauran abin da ya faɗa game da yawan jama'a da iyakoki. In yana lissafi da dinari, ya tsufa, tun 2007 aka koma fam. In ya ce duniyoyin da ke kewaya rana tara ne, bai ji labarin 2006 ba, lokacin da masana suka sauke Fuluto daga jerin. Tsufa kaɗai ba laifi ba ne, littafin da ke bayanin yadda raƙumi yake jure ƙishi ba ya lalacewa don ya shekara talatin. Amma na lafiya da na taswira da na na'urori suna ruɓewa da sauri. Sannan a duba ko akwai sunan marubuci da na maɗaba'a. Kasuwa ta cika da 'yan littattafai masu launi da aka kwaso daga intanet aka liƙa, babu wanda ya sa sunansa balle a kama shi da ƙarya.

Abin da na fi dubawa shi ne ko littafin yana gaya wa yaro yadda aka san abin, ko kuwa yana jefa masa ne kawai ya haɗiye. Akwai bambanci tsakanin “duwatsu suna faɗowa daga sama” da labarin abin da ya faru a ƙasar nan ran 7 ga Oktoban 2008. Masu duban sararin samaniya a Amurka suka hango wani ƙaramin dutse yana tunkaro duniya, suka lissafa cewa cikin ƙasa da kwana ɗaya zai shigo ta saman arewacin Sudan, kuma da asuba ya shigo ya tarwatse a saman hamadar Nuba. Wannan ne karo na farko a tarihi da aka ga irin wannan dutse tun kafin ya iso. Bayan 'yan makonni malamai da ɗaliban Jami'ar Hartum suka je suka jeru a cikin yashi suna tafe a hankali, suka tsinto gutsattsarinsa kusa da tasha ta shida a layin dogon da ke tsakanin Wadi Halfa da Abu Hamad, har aka sa wa duwatsun sunan tashar. Yaron da ya karanta wannan ya koyi cewa lissafi yana iya faɗin abin da zai faru gobe, an kuma je an tabbatar, kuma waɗanda suka tsinto 'yan ƙasarsa ne masu cin dafaffen waken ful da safe kamarsa. Gani ya kori ji. Littafin da zai tura yaro waje ya duba, ya ɗaga dutse, ya kalli sama, ya auna inuwar sanda da hantsi da azahar, shi nake sa wa hannu tun kafin in gama shi.

Kada a fahimce ni cewa sai abin da ke bayan gida kawai. Ɗan Gadarif yana da haƙƙin ya san kifin nan da ya fi mota girma, da ƙasashen da rana ba ta faɗuwa wata da watanni, da yadda jirgi mai nauyin tan ɗaruruwa yake tashi. Yara suna son abin da ya yi nisa, suna son abin da ya yi girma, suna son abin tsoro. Abin da nake ƙi shi ne kantar da duk littattafanta suke ɗauka cewa mai karatu yana da firiji da ƙanƙara a ƙofar gida da kaka huɗu a shekara, har yaro ya fara zaton ilimi wani abu ne da ke faruwa a garin wasu. A sa na teku mai nisa, a sa na murjanin Sanganib da ke gaban Bur Sudan kusa da shi. A sa na dajin Amazon, a sa na Dindir, wanda aka keɓe tun 1935 kuma yana nan kudu da mu. Wanda ya karanta yadda ruwan Tafkin Tana yake gangarowa daga tsaunukan Habasha da damina ya haɗu da Farin Nil a Mugran da ke Hartum zai gane da kansa dalilin da ya sa manya suke ta maganar madatsar Habasha a rediyo.

Ƙalubale mafi nauyi daga wani dattijo ya zo, mutumin da ya girme wa mahaifina kuma ba na ƙetare maganarsa da wasa. Ya ce, “Malam, ɗakin nan a jikin masallaci yake. Ku sa fiƙihu da ƙissoshin annabawa ku huta. Waɗannan na Turawa, wa ya san abin da ke ciki?” Na ce, “Baba, Allah ya ƙara girma, tambayarka ita ce tawa. Shi ya sa na ce sai an karanta kafin a sa.” Na kuma tuna masa cewa waɗanda muke alfahari da su ba su tsaya a fiƙihu ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ga mulki ga yaƙi, ya zauna ya yi rubutu a kan ciwon ido da amfanin filasko, ya rubuta tarihin ƙasashen da ke kewaye da shi. Malamanmu na da suna lissafin taurari don su san shigar damina da lokacin shuka. Bai ce ya yarda ba, ya dai ce a kawo masa na taurarin ya gani, kuma a wurin dattijo irinsa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ina kuma ganin yana da gaskiya a wani ɓangare da 'yan boko irina suke saurin tsallakewa. Iyaye suna da haƙƙin sanin abin da ake ba 'ya'yansu. Littafin da ke bayanin balaga da jinin al'ada ina so a same shi, domin yarinyar da ba a gaya mata ba tana shiga firgici a banza, amma wurinsa hannun malama ne, ita za ta miƙa wa wadda ta kai, da sanin uwarta. In aka baje shi a kanta yaran goma suna ƙyalƙyala dariya a kai, washegari an rufe ɗakin, an yi asarar duka.

Sai harshe, kuma a nan ina magana ne kai tsaye da 'yan'uwa na Najeriya da Nijar. Yaranmu da Hausa suke mafarki, amma da Larabci suke karatu. Baƙaƙen boko sai a darasin Turanci suke haɗuwa da su, da yawansu ba su taɓa ganin ƙ ko ɗ a rubuce ba. Don haka mafi yawan abin da za mu saya na Larabci ne, daga Alƙahira ko Bairut ko abin da ya rage a hannun masu sayar da tsofaffin littattafai a nan, kuma Larabcin ya zama mai sauƙi, da wasali a kan kalmomi ga ƙanana, saboda wanda ya yi shekara biyu ba aji ba zai iya da dogayen jimloli ba. Littattafan Hausa muna so, ƙwarai ma. Amma ku aiko kaɗan masu kyau, masu manyan baƙaƙe da hotuna, na dabbobi da sana'o'i da garuruwa, waɗanda babba zai karanta a bayyane yara suna bi da yatsa. Na ga yadda fuskar yaro take canzawa ranar da ya gane cewa abin da ke kan takardar maganar kakarsa ce. Littafin manhajar firamare ta Najeriya kuwa ku bar wa yaran can, sun fi mu bukatarsa.

Akwai masu cewa duk wannan wahalar banza ce, komai yana cikin waya. Wanda ya zauna a Sudan a Fabrairun 2024, lokacin da layukan sadarwa suka ɗauke a kusan duk ƙasar, ba zai faɗi haka da ƙarfi ba. Wayar ma ta uba ce, tana aljihunsa a kasuwa, cajinta kuɗi ne. Takarda ba ta jiran wuta.

Sayen littafi rabin aiki ne. Ragowar shi ne wanda zai zauna a ɗakin ya haɗa yaro da littafinsa, kuma wannan ba a yin sa da jerin “na 'yan shekara kaza”. Ana yin sa ne da tambaya. Yaron da yake wuni a garejin masu gyaran raksha, wato babur mai ƙafa uku, hannunsa duk baƙin mai, kada a ba shi na furanni don wai shi ne daidai ajinsa. A ba shi mai zanen cikin inji ko da rubutun ya fi ƙarfinsa, zai bi hoton ya gane fistan, daga nan ya matsa wa kansa ya karanta abin da ke ƙasan hoton. Yarinyar da ke taya uwarta sayar da godogodo, abin shan nan na gero da nono, ta tambaye ni me ya sa nono yake tsami in ya kwana. Da akwai littafin ƙananan halittun da ido ba ya gani a hannuna a lokacin, da ta tafi da shi a ranar. Shi ya sa na roƙi kwamiti a ajiye babban littafin rubutu a bakin ƙofa, duk yaron da ya yi tambayar da ba mu da amsarta a kanta a rubuta, in kuɗi ya samu daga nan za a fitar da abin da za a saya, ba daga son ran manya ba. A kuma ware wa 'yan mata lokacinsu, da hantsi ko bayan la'asar, da mace a ɗakin. In ba haka ba maza za su mamaye wurin cikin mako guda, iyaye kuma su hana 'yan matan zuwa.

Na san tun yanzu cewa tambayoyi da yawa a wannan littafin rubutu ba za a samu amsarsu a kasuwa ba, don ba a rubuta ba. Babu maɗaba'ar Bairut da za ta buga wa yara yadda ake tsaga ɗakwara a jira ƙaro ya fito, ko da yake ƙasar nan ce ta fi kowace fitar da shi a duniya kuma yana shiga har cikin lemon kwalbar da suke sha. Ba wanda zai rubuta yadda masuntanmu suke karanta ruwa a tafkin Rusairis, ko yadda ake haɗa ƙuli da yaji a yi agashen da duk Sudan ta san mu da shi. Waɗannan sai mu. Malami ɗaya, da dattijon da ya san sana'ar, da matashin da ya iya zane, da na'urar ɗab'i ta shagon kasuwa sun isa a fitar da shafi 16, Larabci a dama Hausa a hagu, a kai wa wanda ya san fannin ya duba kafin a ninka.

Wanda nake so a fara da shi ba na sana'a ba ne. Iyalai suna ta komawa Jazira da Sinnar da Hartum, gidaje da gonaki da filayen ƙwallo kuma cike suke da harsasai da rokoki da gurnetin da ba su fashe ba. Yaranmu masu tsintar ƙarfe ne, suna kai wa masu awo su sami na kashewa. Takardun gargaɗin da na gani suna nuna makaman sababbi fil, masu sheƙi, a kan farar takarda. Yaro ba haka zai gamu da su ba. Zai gan su da tsatsa, rabi a binne cikin laka, ko a cikin tarkacen ɗakin da ya rushe, sun yi kama da bututu ko gwangwani. Haka ya kamata a zana su, da takalmi ko tafin hannu a gefe don a ga girmansu, a kuma yi masa bayanin dalilin da ya sa abin da ya shekara a kwance yake iya tashi in an taɓa shi ko an jefa shi a wuta. Sannan a faɗa masa abin da zai yi: kada ya taɓa, kada ya jefe shi da dutse, ya koma ta inda ya biyo, ya hana ƙannensa zuwa wurin, ya gaya wa babba. Wannan a buga shi da yawa, kuma kada a rubuta shi cikin na aro, duk yaron da iyayensa suka ɗaure kaya a ba shi nasa ya tafi da shi.